MAI IHUN ƁARAWO DA MAI CEWA “YA ISA”: WANE NE YAKE TSARON GARI?

'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, ga tambaya: idan ɓarna ta faru, jama'a suka fusata, sai wani ya miƙe ya ce “ku dakata, ya isa haka”, shin wannan mutum yana taimakon gari ne ko yana taimakon mai ɓarna?

Na san amsar da yawancinmu za mu bayar idan jini ya hau. Za mu ce munafuki ne, ko an saye shi, ko matsoraci ne. Wani lokaci ma muna da gaskiya, domin akwai masu sanyaya magana don su binne ta. Amma akwai kuma wanda da ba don shi ba da an ƙone gari. Matsalar ita ce daga nesa su biyun kama ɗaya suke yi, kowannensu cewa yake yi a yi shiru. To ta yaya za a bambance su?

Ina so mu nemi amsar a wani wuri da ba mu saba dubawa ba, wato cikin jikinmu. Ku yi haƙuri ku biyo ni, akwai 'yan sunaye masu wuyar faɗi, amma maganar ba ta da wuya.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Ita kuwa ƙwayar cutar da ake kira bairos, irin mai kawo mura, ƙyanda, zazzaɓin Lassa ko korona, ba ta iya hayayyafa da kanta. Dole sai ta kutsa cikin ƙwayar halitta ta ƙwace mata kayan aiki, ta mayar da ita masana'antar buga irinta. Jiki yana da sojoji ƙwararru masu gane kowace cuta da kamanninta, amma su sai sun ɗauki kwanaki kafin su shirya. A kwanakin farko, ƙwayar halittar da aka shiga ita ce za ta fara kare kanta da garkuwar da aka haife mu da ita.

A shekarar 1957, a wata cibiyar bincike da ke Mill Hill a Landan, masana biyu, Alick Isaacs da Jean Lindenmann, sun sa bairos ɗin mura da aka kashe da zafi a kan tantanin ƙwan kaza. Sai suka ga tantanin ya fitar da wani sinadari, wanda idan aka zuba shi a kan sabon tantani, bairos mai rai ba ya iya yaɗuwa a cikinsa. Suka sa masa suna intaferon, ma'ana mai katsalandan. Wannan shi ne ihun ƙwayar halitta. Tana fitar da shi ta gaya wa maƙwabta cewa ɓarawo ya shigo, kowa ya rufe ƙofa.

Ihun nan fa yana da tsada. Idan intaferon ya isa wata ƙwaya, yana kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Wasu su tsayar da aikin haɗa furotin gaba ɗaya, kamar a rufe kasuwa. Wasu su kama yayyanka RNA, na bairos da na ƙwayar kanta. Wata ƙwayar ma takan kashe kanta don kada cutar ta samu wurin zama. Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da kasalar da kake ji idan mura ta kama ka, da yawa daga cikinsu aikin wannan ihun ne. Masu ciwon hanta nau'in C da a da ake yi wa allurar intaferon har tsawon mako 48 sun san haka, domin da yawansu sun yi ta fama da zazzaɓi da gajiya, wasu har da ciwon damuwa mai tsanani.

Tunda makamin yana cutar da mai riƙe da shi, jiki bai bar shi sakaka ba. Akwai ƙa'idoji guda uku da na ga ya kamata mu tsaya a kansu.

Ta farko: ba a yin ihu sai da alama.

A 2004, masanin Japan Takashi Fujita da abokan aikinsa suka nuna aikin wani mai gadi a cikin ƙwayar halitta, sunansa RIG-I. Aikinsa neman RNA na bairos. To ai ƙwayar ma cike take da RNA nata, ta yaya yake bambancewa? Saƙonnin RNA na jikinmu ana sa musu wata hula a kai kafin su fito. Na bairos da yawa sukan fito kai ba hula, da wata alama ta sinadari a buɗe, kuma a murɗe biyu-biyu. Wannan alamar yake nema. Kafin ya same ta, RIG-I a naɗe yake, ɓangaren da yake ihu da shi a rufe yake ruf. Ko bayan ya kama alamar, sai ya kai wa wani furotin mai suna MAVS, wanda ke zaune a jikin injin samar da ƙarfi na ƙwayar, shi kuma ya tara 'yan'uwansa, sannan saƙon ya wuce mataki-mataki har a fitar da intaferon. Ƙofa bayan ƙofa. Zargi kaɗai ba ya buɗe su.

Ta biyu: ana share gida don kada shara ta yi kama da ɓarawo.

Akwai wani mai gadin, cGAS, wanda Zhijian Chen ya gano a birnin Dallas na Amurka, aka wallafa a 2013, har aka ba shi lambar yabo ta Lasker a 2024 saboda shi. Shi DNA yake nema a inda bai kamata a ga DNA ba. Abin mamaki, cGAS ba ya iya tantance DNA na bairos da na mai gida. Duk wanda ya gani a tsakar gida, a wurinsa ɓarawo ne. Saboda haka jiki ya yi dabara biyu. A cikin ɗakin da ake ajiye DNA ɗinmu, an ɗaure cGAS ta yadda ba zai iya ihu ba. A tsakar gida kuma an sa wani mai shara, TREX1, yana bi yana narkar da gutsattsarin DNA ɗinmu da suka zubo, kafin mai gadi ya gan su.

Me zai faru idan mai shara ba ya aiki? A 1984, likitocin yara biyu a Faransa, Jean Aicardi da Françoise Goutières, suka bayyana wata cuta ta jarirai. Yaro zai nuna duk alamun wanda bairos ya kama tun yana ciki: ƙwaƙwalwa ta lalace, wani abu kamar alli ya taru a cikinta, intaferon ya yi yawa a ruwan ƙashin baya. A yi gwaji iya gwaji, babu bairos ko ɗaya. A 2006 aka gano cewa a wasu daga cikin yaran nan, TREX1 ne aka haife su da shi a lalace. Sharar gida ta taru, mai gadi ya ɗauka hari ne, ya kama ihu dare da rana, kuma ihun ne yake cinye yaron. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Ta uku, kuma ita ce zuciyar maganata: ihun da kansa yana haifar da mai tsayar da shi.

Cikin ɗaruruwan abubuwan da intaferon yake kunnawa, akwai wasu da ba bairos suke yaƙa ba. Akwai USP18, wanda yake zuwa ya zauna a kan kunnen da ƙwaya ke jin intaferon da shi, ya rage mata ji. Akwai SOCS1, wanda yake danne masu isar da saƙon daga ciki. Ka lura da kyau: intaferon ne ya tashe su. Umarnin fita yaƙi da umarnin dawowa gida a takarda ɗaya suka zo, sai dai na biyun yana ɗan jinkiri kafin ya fara aiki.

Ɓerayen gwaji da aka cire musu SOCS1 sukan mutu cikin kusan mako uku da haihuwa, garkuwar jikinsu ce take lalata musu hanta da sauran gaɓoɓi. A 2016 aka ba da rahoton jarirai da aka haifa ba su da USP18, suka rasu ba da jimawa ba bayan haihuwa, da kumburi mai tsanani a ƙwaƙwalwa. A farkon 2020 kuma likitoci a Riyad ta Saudiyya tare da abokan aikinsu suka wallafa labarin wani jariri mai irin wannan matsala. Ba maganin kashe ƙwayar cuta ne ya cece shi ba. Sun ba shi maganin da yake toshe hanyar saƙon intaferon, wato aka sa masa birkin da aka haife shi babu, sai ya farfaɗo.

To ka ga, a cikin jiki, mai cewa “ya isa” ɗan gida ne, yana cikin rundunar tsaro, kuma rashinsa kisa ne.

Yanzu wani zai ce: Malam, ka kawo mana gefe ɗaya. Ai shirun ma yana kisa. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye wannan gefen ba.

A 2020, lokacin korona, ƙungiyar bincike ƙarƙashin Jean-Laurent Casanova ta duba jinin mutum 987 da cutar ta kai su bakin mutuwa. A cikin 101 daga cikinsu, kusan kashi 10 cikin 100, an samu sinadaran garkuwa da suke kama intaferon ɗin jikinsu suna kashe masa ƙarfi. Mutum 95 daga cikin 101 ɗin maza ne. Waɗannan bayin Allah ƙwayoyin jikinsu sun yi ihu, amma an toshe ihun a hanya, bairos ya samu kwanaki yana yaɗuwa a huhu babu mai ce masa kanzil. Daga baya jiki ya farga ya tashi da kumburi mai yawa, wanda ya ƙara lalata huhun. Ihu bayan hari kenan.

Kuma su kansu ƙwayoyin cutar babbar sana'arsu ita ce sa a yi shiru. Bairos ɗin ciwon hanta nau'in C yana da wani almakashi da yake yanke MAVS daga mazauninsa, kamar ɓarawon da ya fara tsinke wayar ƙararrawa kafin ya haura katanga. Bairos ɗin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, yana da wani furotin da yake bi yana cinye RNA mai murɗe biyu, wato ainihin alamar da mai gadi yake nema. Share sawu yake yi. Bairos ɗin mura da na Ebola kowanne yana da tasa dabarar ta rufe wa RIG-I ido.

To ga mu a tsakiyar matsalar. USP18 yana rage ihu, bairos ɗin Lassa ma yana rage ihu. Ɗaya rahama ne, ɗaya halaka. Mene ne bambancinsu?

Ni abin da na fahimta shi ne bambanci uku.

Na ɗaya, lokaci. Bairos yana toshe baki ne kafin a yi ihu, don kada kowa ya sani. USP18 yana zuwa ne bayan saƙo ya isa, maƙwabta sun ji, an ɗauki mataki.

Na biyu, abin da kowanne yake yi da hujja. Bairos lalata alamar yake yi. Birkin jiki ba ya taɓa alamar, ba ya cewa babu cuta, yana rage ƙarfin martani ne kawai don kada a rushe gida garin korar ɓera.

Na uku, wa yake amfana. Shirun bairos don bairos ne. Shirun birki don jiki ne gaba ɗaya, har da ƙwayoyin da ba su ji ba ba su gani ba.

Ɗauki waɗannan ma'aunai uku ka auna mutane da su. Idan aka zalunci yarinya a unguwa, wani ya zo ya ce kada a faɗa wa kowa, kada a je asibiti, kada a kai wa hukuma, a rufa wa gidan wane asiri, wannan aikin bairos ɗin Lassa yake yi, ko da rawaninsa ya kai ƙasa. Idan kuwa aka kama wanda ake zargi a kasuwa, matasa suka ɗauko taya da fetur, wani ya ratsa ya ce ku riƙe shi, ku kira shaidu, a kai shi gaban alƙali, wannan bai musa ɓarna ba, bai ɓoye hujja ba, kuma yana kare garin ne daga ɗaukar jinin da ba za a iya mayarwa ba. Duka biyun sun ce a dakata, amma tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta gabas da yamma.

Akwai kuma darasi game da magani da lokacinsa. A watan Yuni na 2020, wani babban gwaji da Jami'ar Oxford ta jagoranta a Birtaniya ya nuna cewa deksametason, maganin da yake danne kumburi, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a masu korona da ke kan na'urar taimaka wa numfashi, da kusan ɗaya cikin biyar a waɗanda ke kan iskar oksijin kawai. Amma a waɗanda ciwon bai kai su ga buƙatar oksijin ba, bai amfane su ba. Magani ɗaya, cuta ɗaya, amma amfaninsa ya danganta da matakin da mara lafiya yake. (Don Allah kada wani ya karanta wannan ya tafi kemis ya saya. Wannan magani ne da likita kaɗai ke rubutawa, kuma masu shan sa don su yi ƙiba garkuwar jikinsu suke karyawa.) Haka nasiha take. Wanda aka danne shi shekara da shekaru yana tsoron buɗe baki, ba “yi haƙuri” yake buƙata ba, yana buƙatar wanda zai tsaya masa. Taron da ya riga ya ɗauki makami kuwa ba ya buƙatar mai ƙara masa zafi. Mai hikima shi ne wanda ya san wanne yake gabansa.

Sannan ihun da ba ya ƙarewa yana kashe ji. A 2013, ƙungiyoyin bincike biyu a Amurka suka nuna a jikin ɓeraye masu ɗauke da wani bairos da ya daɗe bai fita ba, cewa intaferon da ya ƙi sauka yana raunana sojojin jiki, kuma da aka toshe shi sai jikin ya fi saurin korar cutar. Ku dubi wayoyinmu. Kullum sai an turo mana abin tayar da hankali: a yaɗa, a yi gaggawa, ga maƙiya sun zo. Da safe wani, da rana wani, da dare wani. Wasunsu tsohon bidiyo ne daga wata ƙasa. Mutumin da aka tayar masa da hankali sau hamsin a wata, ranar da gaskiyar ta zo ba shi da sauran ƙarfin tashi. Wanda yake tura duk abin da ya gani yana ganin gadi yake yi, alhali yana cinye ƙarfin da za a buƙata ranar hari.

Ka kuma tuna da mai sharar nan TREX1. Yawancin faɗan da na sani tsakanin 'yan'uwa, ko miji da mata, ko abokan kasuwanci, ba baƙon abu ne ya kawo shi ba. Tsohuwar shara ce: gadon da ba a raba daidai ba, bashin da aka yi shiru a kansa, maganar da aka faɗa a wajen biki shekara goma da suka wuce. Ba a share ba, ta taru, sai wata rana ƙaramin abu ya faru, zuciya ta ce hari ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda yake biyan haƙƙi da wuri, yake neman afuwa kafin rana ta faɗi, aikin tsaro yake yi, ko da babu wanda zai kira shi jarumi.

Kafin in rufe, dole in ja kunnenmu a kan wannan misali da kansa, domin kowane misali yana da iyaka. Ƙwayar halitta ba ta da niyya, ba ta zaɓi, ba za a tambaye ta ba. Mu muna da zaɓi, don haka ba zan ce “jiki yana yin kaza, saboda haka wajibi ne mu yi kaza” ba. Abin da jiki ya nuna mana shi ne cewa tsaron da ba shi da birki yana cinye mai shi, kuma wannan muna iya tabbatar da shi da idonmu a rayuwa.

Iyaka ta biyu ta fi haɗari. Kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya ce wata ƙabila, ko wata ƙungiya, ko mutanen wani gari su ne bairos a jikin al'umma. A Ruwanda a 1994, gidan rediyo ya yi ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, kuma cikin kusan kwana 100 aka kashe dubban ɗaruruwan mutane. Duk ranar da aka mayar da mutum ƙwaro a baki, hannu ba ya jin nauyin kashe shi. A misalina, bairos shi ne aikin ɓarna: sata, zalunci, ƙarya, cin amana. Mutumin da ya aikata kuwa mutum ne, yana da haƙƙin a saurare shi, a kawo hujja, a hukunta shi gwargwadon laifinsa, kuma ƙofar gyara ba ta rufe masa ba. Yaran nan masu cutar Aicardi da Goutières abin da ya same su shi ne jikinsu ya ɗauki nasa a matsayin baƙo. Al'umma ma tana iya kamuwa da irin wannan ciwo.

To mu koma ga tambayar: wa yake tsaron gari? Amsata ita ce duka biyun, mai ihu da mai cewa ya isa, matuƙar kowanne ya zo a lokacinsa kuma bai yi ƙarya ba. Abin da ya fi ma shi ne su haɗu a mutum ɗaya, kamar yadda intaferon yake ɗauke da birkinsa. Idan za ka tona ɓarna, tun kafin ka buɗe baki ka san inda za ka tsaya: me kake so a gyara, wa ya kamata ya ji, kuma idan an gyara za ka iya yin shiru? Wanda ba shi da amsar tambaya ta ƙarshe, ya binciki zuciyarsa, wataƙila ba gyaran yake nema ba, ihun ne yake masa daɗi.

Ga abin da nake roƙon kowannenmu a wannan makon. Kafin ka tura wani saƙo mai zafi, tambayi kanka: na ga alama da idona ko zargi ne? Kafin ka ce wa wanda aka zalunta ya yi shiru, tambayi kanka: an ji kukansa tukuna? Kuma ka nemi shara guda ɗaya a tsakaninka da wani ɗan'uwanka ka share ta tun ba ta zama gobara ba.

Allah Ya ba mu ƙarfin faɗar gaskiya a lokacinta, da ƙarfin tsayawa idan ta isa. Allah Ya tsare mu daga zaluntar wani da sunan gyara, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, musamman 'yan'uwa likitoci da ɗaliban kimiyya, ƙofa a buɗe take.